Kallon Farko Nasu Ne

Masu wucewa ta tashar Tsafe sun san wani mahaukaci da ke rufe fuska da buhu in an dube shi. Sunansa Mas'udu, ɗan Malam Bawa na Furfuri. Ba rana yake ɓuyar wa ba, idon mutane ne.

A shekarar 1998 ya dawo daga karatu a Zariya. Mahaifinsa ya sayar da shanun nomansa ya saya masa kwamfuta, ya kama masa shago a Gusau. Mas'udu ya duƙufa rubuta manhajar da ke aiki cikin burauza: mutum ya buɗe shafi a intanet, ta sauka cikin kwamfutarsa, ya latsa kasuwar da yake so a taswira, farashin auduga da fata ya bayyana nan take, ba sai ya jira layin tarho ba.

Wani kamfanin fatu a Legas ya kira shi ya nuna. A gaban manyansu manhajar ta daskare. Ya kashe ya kunna, ta sake daskarewa. Har ya kai bakin ƙofa yana jin dariyarsu. Ya dawo ya kasa taka Furfuri, inda tsohon ke noma da fartanya.

Kunyar nan ce ta kai shi wurin boka Dogo, a wani kogo bayan duwatsun Tsafe. Rana tsaka ce, amma ciki duhu. Ƙahonni rataye, ƙwarya naɗe da jan ƙyalle, tukunya baƙa da jini ya bushe a bakinta. Ko ƙuda babu.

"Mi kaka biɗa?" in ji Dogo.

"Aikina ya tashi, Baba. A daina yi mini dariya."

Dogo ya karɓi faifan kwamfutar, ya yanka baƙar kaza, ya kifa tukunyar a kan faifan. Wani abu ya yi numfashi a ƙarƙashinta.

"Zai tashi. Amma duk aikin da ka gama, kallon farko nasu ne, mutanen ɓoye. Idon da ya fara dubansa da murna."

"Me za su yi wa idon?"

"Ka zo tambaya, ko ka zo karɓa?"

Mas'udu ya miƙa hannu.

Manhajar ta tashi kamar ruwa. Ya kira ƙanwarsa Suwaiba ta gwada. Ta latsa, taswira ta motsa, ta tafa hannu. "Yaya, kai ka yi wannan?" Ya ɗora aikin a intanet, kamfanin ya ba shi kwangila, wasu suka biyo. Kafin sati ya zagayo aka binne Suwaiba, idonta ya ƙi rufuwa. Ya gaya wa kansa sanƙarau ne.

Ya gina bene a Damba, ya sayi mota. Aiki na biyu matarsa Maijidda ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, ta yi murmushi. Tun ranar take zaune tana kallon bango, yatsanta na latsa tabarma. Ɗanta ma ba ta gane shi ba.

Nan ya daina yi wa kansa ƙarya. Da ya gama aiki na uku, mafi girma, sai ya jawo wani baƙo daga titi ya nuna masa. Mutumin ya duba, ya ɗaga kafaɗa. Manhajar ta daskare. Baƙo ba ya murna da kai, sai naka.

Ana gobe zai miƙa aikin, Malam Bawa ya shigo shagon da sandarsa.

"Ɗana, shanuna suka shiga akwatin nan, ban taɓa ganin abin da suka haifa ba. Nuna mini."

Mas'udu ya dubi makunnin. Yatsa ɗaya ya isa ya kashe. Ya tuna dariyar Legas. Sai ya juya allon wajen mahaifinsa.

Tsohon ya matso, fuskarsa ta washe. "Allah ya yi maka albarka."

Motar da tsohon ya shiga zuwa gida ba ta kai Bungudu ba ya cika.

A wurin zaman makoki Mas'udu ya faɗi gaban mahaifiyarsa, Inna Hajara, ya fesa komai, jama'a na ji. Ba ta zage shi ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. "Ku fitar da shi. Ina jin nauyin a ce ni na haife shi."

Daga ranar duk shafin da ya gina, in an buɗe, baƙin allo kawai. Kamfanoni suka janye. Benen Damba ya zama kango, dangin Maijidda suka ɗauke ta da ɗanta zuwa Magami. Da ya koma kogon, bai tarar da kowa ba sai tukunyar a kife.

Kai da aikinka ya ƙi tashi aka yi maka dariya, koma ka gyara. Dariya tana wucewa. Boka kuwa ba ya karɓar abin da za ka iya rasawa, mutanen da ke son ka yake karɓa, kuma da hannunka zai sa ka miƙa su.