Akushin da Inna Ta Yarda da Shi

"Ɗauke min shi, Zuliha!"

Cokalin ya faɗi, kunun ya malale a kan tabarma.

"Inna, don Allah... kurɓa ɗaya tak."

"Na ce miki ƙarfe nake ji! Kamar na tsotsi ƙusa. Ko so kike in amayar da hanjina?"

Zuliha ta tsuguna tana kwashe kunun da tafin hannu. Bana ba a wasa da ko ƙwayar gero. Damina biyu ke nan sama tana rowa, mutanen ƙauyen Tirmini sun cika lungunan Birni da ramammun jakunansu, wasu ƴaƴan anza masu ɗaci suke jiƙawa su ci. Ita kuwa ga abinci a hannu, mai cin ta juya fuska bango.

Tun da aka fara yi wa Inna Shatu ƙarin ruwan maganin ciwon daji a Yamai bakinta ya lalace. Lokotoro, likitan da ke duba ta, bai ɓoye musu ba: in ta koma nauyinta bai ƙaru ba, ba za a sa mata na uku ba. Saura kwana goma sha biyu.

Kuma ba wanda Zuliha za ta kai wa kuka. Yayyenta maza suna Libiya. Dangi sun yi sannu ta mako guda, daga nan kowa ya kama gabansa. Wata rana har magariba ba ta jin sallamar kowa, sai tarin Inna da kukan kurciya. Kaɗaici ya ishe ta, har takan tsinci kanta tana hira da tukunya.

Da can akwai Alkasum, masassakin nan na bayan ganuwa. Shekara biyu yana zuwa zance, Inna ta ce jikar fatake ba ta auren mai gizago, ita Sha'ibu mai aikin buro, ɗan ofis, take so. Sha'ibun kuwa, ranar da ya ji sunan ciwon, takalmansa suka manta hanyar gidan.

Rannan da hantsi aka yi sallama a zaure. Zuliha ta gane muryar tun kafin ta leƙa.

"Alkasum..."

Ya rame, ya yi duhu. A gabansa ga tukunyar ƙasa, ga wani abu ƙunshe a tsumma.

"Sai yau?" Muryarta ta karye. "Wata biyar! Ko a ce ya mai jiki?"

"Indo ce ta ce kin ce kada in ƙara taka ƙofar nan."

"Ni? Indo ƴar kawuna?"

"Ta ce an sa ranarki da Sha'ibu."

Zuliha ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ai kowa a dangi ya san a kan Alkasum idon Indo yake.

"Kuma ka yarda?"

"Na yi wauta, hasken idona. Wanda aka kora sau ɗaya, ko inuwa ya gani sai ya ce sanda ce." Ya sunkuyar da kai. "Jiya ta zo rumfata tana dariya, wai tsohuwa ta rikice, ƙarfe take ji a abinci. A nan na gane ke kaɗai ce a gidan nan. A me kike dama mata?"

"Tukunyar dalma. Sabon kwanon sha, sabon cokali. Lokotoro ya ce a kula da tsabta, shi ya sa na kawar da ƙoran gidan duka."

"Ni ban yi karatun lakwal ba, Zuliha. Amma bakin da ke jin ƙarfe, a ƙara masa ƙarfe?"

Ya kwance tsumman. Akushi ne baƙi sumul, ya sha mai, da ludayi ɗan ƙarami.

"Wanke su da tafasasshen ruwa. Ki sa tsamiya, ki bari ya huce sarai. In bai yi ba, ba mu yi asarar komai ba."

"In ta san naka ne ba za ta taɓa ba..."

"To kada ta sani."

Ran nan Inna ta sha ludayi uku, ta zauna tana jiran amai, amai bai zo ba. Zuliha ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta ta more. Washegari ludayi bakwai. Da Inna ta tambayi inda aka samo akushin, ta ce kasuwa, tana kallon ƙasa.

Kullum da hantsi Alkasum yakan ajiye abu a zaure ya juya: ganyen zogale, ƙwai biyu, wata rana nonon akuya da ya taka har ƙauye ya samo, a shekarar da akuyoyin ma kwali suke ci. Ba ya wuce zaure. Ita ma ba ta cewa ya shigo.

A rana ta takwas ya yi tari.

"Wane ne a zauren nan?" in ji Inna daga ɗaki.

Zuliha ta daskare da akushi a hannu.

"Ce masa ya shigo."

Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Barka da hantsi, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da godiya." Ta daɗe tana shafa bakin akushin da yatsa. "Wai kasuwa! Ni za a yi wa wayo? Shekara sittin ina Birni, ban san hannun kowane masassaki ba?"



Zuliha ta miƙa ludayin. Inna ta kawar da kai.

"Ba zan sha ba."

"Inna!" Hawaye suka ɓalle mata. "Saura kwana huɗu! Ki yi fushi da ni, ki kore shi in kina so, amma don girman Allah kada ki daina ci. Ke kaɗai gare ni..."

Alkasum ya yunƙura. "Laifina ne, Inna. Ba zan ƙara..."

"Kai, zauna. A'a, tashi ma!" Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta harari ƴarta. "Ke dai ba ki da ta ido, Zuliha. Ciwo ne ya kama ni, ba rashin kunya ba. A ina kika taɓa ganin mace ta buɗe baki tana shan kunu a gaban surukinta?"

Zuliha ta saki baki.

Alkasum ya fice da sauri har yana tuntuɓe da tukunya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Sai da Inna ta tabbata ya kai zaure ta sauke mayafin.

"Miƙo min," ta ce. "Kuma ki ƙaro, wannan ba zai ishe ni ba."