Faifan da Ba Ya Musu da Baba

A duk faɗin unguwar mutum ɗaya ne yake jin harshen mutanen ƙetare kamar a nono ya sha shi, wato mahaifin Auta. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a taɓa samun ɗan ƙetaren da ya zo ya ƙaryata ba. Yana saurayi ma'aikatarsu ta tura shi kwas can, ya dawo da kwat mai nauyi da laƙabin Tafinta. Kowace Asabar da yamma a kan saka fim ɗin mutanen a falonsa, shi kuwa ya zauna a gefen talabijin yana fassara wa iyali da maƙwabta.

Sayo faifan aikin Auta ne. Da shagon da ta saba ya koma sayar da cajar waya, sai ta faɗa wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, inda wani saurayi ke jera faifai.

"Malam, wannan akwai fassara a ƙasa?"

Ya juya kwalin. Rubutun bayansa kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito.

"Ranki ya daɗe, ban sani ba. A rufe suke zuwa mana, kuma in an yage leda ba ya komawa."

"Kana sayar da abin da ba ka san cikinsa ba?"

"Mai ƙwai ma haka yake yi."

Ta harare shi, amma ta karɓi lambarsa, wai don ta san inda za ta kai ƙara.

Da ta sake zuwa, ya riga ya yage ledoji da yawa, ya gwada a ƙaramar talabijin ɗin shago, ya ware mata mai fassara tsaf, baƙaƙe manya. Ya miƙa mata yana jiran godiya. Washegari saƙo ya shigo:

"Mai Ƙwai, faifanka yana da fassara. Allah ya so na gwada kafin Asabar. Kada ka sake."

Ya karanta, ya sake karantawa. Wace ce ke neman fim ɗin da ba za ta ji ba? Sai mai wanda ke raɗa mata ma'anar a kunne. Ya rubuta:

"Afuwa, Tauraruwa. Wane ne mai sa'ar da ke fassara miki?"

"Wani dattijo mai tumbi. Ina sonsa tun kafin in yi haƙori."

Kishi ba ya karanta saƙo har ƙarshe. A "mai tumbi" ya tsaya, ya shiga zargin duk wani mai mota da ya gifta ta gaban shagon. Ita kuma tana zargin da gangan ya ba ta mai fassara don ta dawo. Kullum sai sun yi waya domin kowa ya kama ɗan'uwansa, har zargin ya zama ba ya iya kwana bai ji muryar mai shi ba.

Wata rana tana zaune a bencin shagon ya kasa daurewa.

"Ki faɗa mini gaskiya. Dattijon nan, yana da mata?"

"Yana da ita. Ita ta haife ni."

Ya zauna a kan kwali.

"Baba ba ya jin harshen nan," in ji ta a hankali. "Gaisuwa ya iya, da neman banɗaki. Mama ta gano tun suna amarci, ta bar shi, wai labarinsa ya fi na masu fim ɗin daɗi. Tun da ya yi ritaya, Asabar ce kaɗai ranar da mutane ke taruwa su saurare shi. In rubutu ya fito a ƙasa, ka gane?"

Ya gane. Ya kuma ce yana son ya zo gaisuwa.

Tafinta bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Wanda bai san abin da ke cikin hajarsa ba, ina zai san abin da ke cikin aure?" Shi Mai Kemis yake so, ɗan amininsa, yaron da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, da ƙarfi. Mama ta matsa, ya yarda su zo su biyu ranar Asabar, ya gan su.

Mai Kemis ya zo da kyauta: sabon faifai a ledarsa. Auta ta kalli Mama. Mama ta kalli silin.

Aka saka. A tashar jirgin ƙasa wata mata ta riƙe hannun wani mutum tana kuka. Farin rubutu ya bayyana a ƙasa. Tafinta, da yake jama'a yake fuskanta, ya gyara murya.

"Tana cewa, in ka tafi, ka tafi da raina."

"Baba," in ji Mai Kemis, "a ƙasa an rubuta, ka manta lemarka."

Wani maƙwabci ya yi tarin da ba na mura ba. Tafinta ya juya ya ga rubutun, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi mai faifai.

"Kai ne mai sana'ar. Me ka ce?"

Auta na tsaye a bakin ƙofa da tire.

"Baba," in ji mai faifan, "ai a sana'armu kowa ya sani. Masu rubutun ƙasan nan 'yan damfara ne, ba sa jin harshen, fili kawai suke cikewa. Wace mace ce za ta yi wannan kukan a kan lema?"

"Ni ma dai na gani," in ji Mama.

Mai faifan ya ɗauki rimot ya kashe rubutun. Mai Kemis ya buɗe baki zai kawo hujja, Tafinta ya ce masa ya gai da mahaifinsa.

Dattijon ya jima yana auna mai faifan da ido. Ko ya yarda da shi ne, ko ya gane an rufa masa asiri, wannan ba a saka fassararsa ba.

Aka ɗaura aure. A wurin liyafa Tafinta ya karɓi makirfo ya sa musu albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai jin harsuna. Sannan ya shaida wa taron cewa surukinsa mutum ne mai gaskiya, wanda ya faɗa da bakinsa cewa duk fassarar da ke kan faifan da yake sayarwa ƙarya ce. Aka yi tafi. Rabin masu tafin kwastomominsa ne, kuma sun ji.

Yanzu shagon ba ya cika kamar da. Duk sabon kaya sai ya yage ledar ya gwada, ya ware wa Baba marar rubutu, sauran su tafi a farashin kwance. Asabar, ranar da kasuwa ta fi ci, yakan rufe da wuri ya zauna a sahun gaba.

Makon jiya wani fim aka saka da ya riga ya kalli irinsa mai fassara a shago, rigimar harajin kifi ce daga farko har ƙarshe. Wayarsa ta motsa. Auta ce, daga ɗaya gefen falon:

"Mai Ƙwai, me suke cewa da gaske?"

"Wai ina sonki, Tauraruwa."

"Yanzu zai nemi aurenta," in ji Tafinta. "Ko ba haka ba, ɗana?"

"Haka ne, Baba," in ji shi.