Mai Turare da Injin Tace Iska

Ruwan sama ne ya koro ta shagonsa. Ta shigo da gudu, jaka a ka, tana yi wa kanta dariya. Mai Turare yana zuba miski a ƙaramar kwalba, ya ɗago kai, sai hannunsa ya manta da aikinsa har turaren ya malala kan tebur.

Ko gaisawa ba su gama ba tari ya sarƙe ta. Ta lalubo abin shaƙarta a jaka ta kai baki.

"Asma ce," ta ce da ƙyar. "Ni da ƙamshi ba ma shiri."

Ya fitar mata da kujera ƙarƙashin rumfar ƙofa. Da ya tuna shi ma ƙamshin yake yi, sai ya yi ta ja da baya har ya tsaya cikin ruwa.

"Malam, za ka jiƙe fa."

"Ba komai. Ke dai ki yi numfashi."

Malama ce a makarantar yara da ke bayan layin. Tun daga ranar suke hira da tazara, ita a wannan bakin benci, shi a wancan. Ƙawayenta har tsokanarta suke yi, wai saurayinta ya riƙa zuwa da lasifika. Abin da ya rage, waya ce ke kaiwa.

"Numfashina, kin tashi lafiya? Yau iska daga wajen makarantarku take zuwa, na wangale ƙofar shago."

"Mai Ƙamshi, rufe ƙofarka kada kaya su yi ƙura. Ni ma kana cikin raina."

Ranar da ya je gaida mahaifinta ya yi wanka, ya sa sababbin kaya, ko kwalba bai taɓa ba. Amma ƙamshin sana'a ya riga ya kama jikinsa. Tana ajiye masa ruwa tarin ya tashi.

Baba ya jira ta fita, sannan ya ce, "Yaro, ban ga aibunka ba. Amma na sha ɗaukar yarinyar nan a kafaɗa zuwa asibiti. Ba zan kai ta ɗakin da za ta riƙa neman iska ba. Ga ɗan ƙanwata mai kantin magani, shi ma ya yi magana."

Kwanaki suka shuɗe bai je hira ba, don kunya. Sai saƙonta ya shigo: "Wannan shirun fa? In ka haƙura ne, faɗa min."

Ya amsa: "Ban haƙura ba. Iska nake nemo miki."

Wani mai sayen turare ne ya ba shi labarin injin tace iska. A shagon kayan lantarki ya tarar da su jere, farare, suna huci a hankali kamar jarirai masu barci. Mai shagon ya tambaye shi girman ɗakinsa, sannan ya nuna masa: wannan ƙura kawai yake kamawa, wancan ƙararsa ta yi yawa, wannan kuwa matatarsa da gawayi a ciki, yana shanye wari.

"Ga kuma daidai da kai," in ji shi. "Wannan har ƙamshi yake fesawa."

Zuciyar Mai Turare ta so shi, ya shafa shi kamar ɗan'uwa. Sai ya janye hannu.

"A'a. Wanda ba ya ƙamshin komai nake so."

Ya ɗiga miski a auduga, ya riƙe ta a inda inji ke jan iska, ya rufe ido ya sa hanci a inda take fita. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mai shago yana dariya.

"Ban taɓa ganin mai turare yana gudun ƙamshi ba."

A wajen injin mai gawayin ya daɗe. Ƙamshin ya dushe, sai iska mai sanyi kamar ta bayan ruwan sama. Ya ga Malama a ransa, tana barci ba tari.

"Shi ne wannan."

Mai shagon ya gaya masa gaskiya, inji ba magani ba ne, taimako ne. Don haka da Mai Turare ya kai injin gida, sai ya naɗe kafet ɗin ɗakinsa ya bayar. Ya gyara banɗakin bayan shagonsa, can yake wanka, can kayan aikinsa suke kwana. Sannan ya roƙi Baba ya zo da ita su gani.

Suka zauna a ɗakin, fitilar injin tana nuna shuɗi. Mai Turare ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

"Shigo mana," in ji Baba. "Kai muka zo gwadawa."

Ya shiga a hankali. Baba ba fitilar yake kallo ba, kafaɗun 'yarsa yake kallo, suna tashi suna sauka a natse. Suka yi hira har shayi ya huce, ko gyaran murya ba ta yi ba.

Baba ya goge ido. "Turo manyanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Da safen da ya biyo bayan bikin aka sake yin ruwa. Ta zauna kusa da shi, babu tazara, ta ɗora kai a kafaɗarsa ta ja dogon numfashi.

"Mai Ƙamshi," ta ce, "ashe haka kake ƙamshi in babu turare."