Ɓarawon Lafiya Lau

Rahoton ya iske Sufeto yana gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka. An sace na'urori a gidan kula da tsofaffi, Daraktan ofishin jin daɗin jama'a kuwa ya riga ya yanke hukunci.

"Ma'aikaciyarmu ce, yallaɓai. Ita ke riƙe da makullan ɗakunan. Gobe zan sallame ta," in ji Darakta.

"Me na'urar ke yi?"

"A bango take. Kowace safiya tsoho ya danna maɓalli, kwamfutarmu ta rubuta lafiya lau. A da ma'aikaciya ke bi ɗaki-ɗaki. Yanzu ba ta zuwa sai in na'ura ta yi shiru."

Ma'aikaciyar, wadda tsofaffin ke kira 'Yar Ofis, tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta jajur. Ta rantse ba ita ba ce. Sufeto ya ji tausayinta, amma tausayi ba ya zama shaida a kotu.

Gidan dogon bene ne. Rana ta kwanta a baranda, labulaye na kaɗawa a hankali, wani rediyo na surutu shi kaɗai a can ƙurya. Sufeto ya ji kamar a mafarkin wani yake tafiya. Mahaifiyarsa ta faɗo masa a rai. Ya daɗe bai je ba, sai dai saƙon murya.

"Ko ƙuda ba ya wuce ni," in ji mai gadi. "Ni ba na runtsawa a bakin aiki."

Sufeto ya dubi shatin matashi a kuncinsa, ya yi murmushi. Kyamarar ƙofa ta fi shi gaskiya, kuma ba ta nuna kowa ya fita da kaya ba. Ke nan na'urorin suna cikin gida.

A ɗakin wata tsohuwa ya duba wayar da ke lilo a bango. An yanke ta sumul, yankan almakashi mai kaifi.

"Iya, kin ga wanda ya shigo?"

"Ban ga kowa ba, ɗan nan," in ji tsohuwar, tana kallon silin. "Amma Allah ya yi masa albarka. A ranar 'Yar Ofis ta zo, har kai ta tsefe mini."

Ya koma kan 'Yar Ofis. "Ta wa aka fara ɗauka?"

"Ta Baba Tela, ɗakin da ke bakin matakala. Sai ofis ya sa masa sabuwa a cikin kejin ƙarfe."

"Sauran ɗakunan fa? Ta ina kike bi?"

"Dole sai ta ƙofarsa. Kullum a buɗe take, sai in tsaya mu gaisa."

Baba Tela na zaune kusa da tsohon kekensa na ɗinki, ga kujera fayau a gefensa, an goge ta tas.

"Almakashi? Ai na bayar tuntuni. Ido ma ya tafi," in ji shi, da Sufeto ya tambaye shi.

"To wa ya yi wa labulen nan sabuwar kalmasa, Baba?"

Sufeto ya ɗaga mayafin keken. Ga na'urori a jere, kowace a cikin 'yar jakar da aka ɗinka mata, don kada ƙura ta shiga.

"Ni ne," in ji Baba Tela. "Ina danna abin nan, ya ce lafiya lau. Bai taɓa tambayata yaya na kwana ba. Da na cire tawa 'Yar Ofis ta zo, muka sha hira. Da suka kulle, sai na koma na maƙwabta."

"Ka san gobe za a kore ta saboda kai?"

Tsoho ya dubi 'Yar Ofis. "Wallahi ban sani ba, 'yata. Ki yafe mini."

Ta fashe da kuka. Sufeto ya kira Darakta a waya, ya ce a bar yarinya a aikinta, an sami mai laifi. Bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan.

Bai fito da ankwa ba. Hannunsa ya miƙa, tsoho ya dafa, suka fara sauka a hankali.

"Sufeto, a ofishin naku mutum ne zai yi mini tambayoyi, ko na'ura?"

"Mutum ne, Baba. Ni da kaina."

"Za a daɗe?"

"Za a daɗe."

"Madalla," in ji Baba Tela, ya gyara hularsa.