Lambar Da Zuwera Ta Bayar

Mudasiru na cikin goge kujerun jirgin katakon da yake aiki a ciki a Corniche, bakin tekun babban birnin Katar, sai ya jiyo Hausa na tashi a bayansa, irin ta Zangon Kumasi. Wani dattijo ne da iyalinsa suka fito daga mota, hutun Sallah suka samu suke zaga Katar. Daga Dukhan inda suke zaune suka taso, sun leƙa garuruwan Shamal da Khor, yau kuma Baba Abdul-Samed ya rantse sai kowa ya ga Diwan, farin ginin nan da ake tafiyar da mulkin ƙasar daga ciki.

"Sannunku da hanya, Baba. Ai daga kan ruwa ya fi fitowa ras," in ji Mudasiru.

"A'a, ɗan gida ne! Awawu, yalla, maza ku shiga!" in ji Baba, yana yafito matarsa.

Kowa ya shiga ban da budurwa guda, ta tsaya tana kallon ruwa kamar zai cije ta. Zuwera ke nan, 'yar dattijon. Mudasiru ya miƙa mata bakin igiya.

"Riƙe nan. Ni ɗan Gusau ne, ni ma ranar da na fara shiga sai da na yi kalmar shahada."

Ta yi dariya, ta ɗago ido, shi ke nan zuciyarsa ta tafi.

Da jirgi ya yi nisa, ga Diwan can fari fat, tuta na kaɗawa. Baba sai kabbara yake. Wayarsa ba caji, don haka Mudasiru ya ɗauke su hoto da tasa, ya kuma nemi lambar da zai tura. Zuwera ta karanto masa wata, kanta a ƙasa.

Hotuna suka tafi, saƙo ya bi bayansu:

"Salam. Ni ne na jirgi. Tun da kika sauka jirgin nan ya yi mini girma."

Shiru. Bayan kwana biyu ya ƙara:

"Tauraruwar Zango, yau na zuba wa wani Bature gishiri a shayi. Laifinki ne."

Nan ma shiru, alhali ga alama ana karantawa. Abinci ya daina shiga. Ɗalhatu abokin ɗakinsa a unguwar Al Asmakh ya ce, "Malam, khalas, magana ta ƙare, ba ta yi da kai." Amma Mudasiru ya sake gwadawa:

"Ni ba da wasa na zo ba. In kin yarda, faɗa mini ranar da zan zo in gaida Baba. In ba ki yarda ba, Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Sai ga amsa: "Ka zo Dukhan Juma'a bayan salla." Har da kwatancen gida.

Wayyo murna! Ya yi aski, ya ari farar jallabiyar Ɗalhatu, ya sha turare har direban bas na atishawa.

Da ya yi sallama, Baba ne zaune a falo, fuska ba annuri, waya a hannu. Gefensa Sherif, ɗan amininsa mai aikin ofis, wanda ya daɗe yana neman Zuwera.

"Yaro, zauna. Ni ne Tauraruwar Zango."

Sai a lokacin Mudasiru ya gane. Ashe lambar Baba Zuwera ta ba shi! Idon dattijo ya yi rauni, Zuwera ke karanta masa saƙonni, ta yi ta tsallake waɗannan, har ranar da Sherif ya karɓi wayar ya karanta su tas a gaban kowa.

"Baba, ɗan jirgi ne fa, ko danginsa ba mu sani ba," in ji Sherif.

"Shi ne magana. Ga rashin kunya, ga Gusau can ƙarshen duniya. Ba zan bayar ba."

Mudasiru ya sauko daga kujera ya durƙusa. "Baba, na yi kuskure, ka gafarce ni. Amma abin da na rubuta ba zan janye ko harafi ba. Dangi kuwa, ga Kawu Kamil a Al Rayyan, gobe ma sai ya zo."

Daga bayan labule Mma Awawu ta sako baki. "Alhaji, tun da ka auro ni ka taɓa ce mini tauraruwa? Ko fitilar kwano ba ka ce ba. Kuma saƙon ƙarshe me ya roƙa? Waje ya ce ta fito, ko gaishe ka ya nema?"

Baba ya yi gyaran murya. "Zuwera! Me ya sa kika ba shi lambata?"

Muryarta ta fito a hankali. "Baaba, cewa na yi in ɗan wasa ne, zai ji muryarka ya gudu. Ga shi bai gudu ba."

"Kina son shi?"

Sai aka ji ƙarar awarwaro da gudun ƙafa zuwa ɗaki. Mma Awawu ta rangaɗa guɗa. Sherif ya ɗauki makullin motarsa, ya ce ana jiransa.

Baba bai sauko nan take ba. Sai da ya sa aka bincika asalin yaro har Gusau, Kawu Kamil ya yi ta sintiri da goro, sannan ya ce Allah ya sa alheri. Ranar ce saƙon farko ya shigo daga lambar Zuwera ta gaskiya:

"Ɗan Gusau nawa, duk na karanta, wasu har na haddace. Amma ka daina zalintar Turawa da gishiri."

Bayan watanni aka ɗaura aure a wani masallaci a Al Rayyan. 'Yan Zango da 'yan Najeriya suka cika wuri, aka ci wake da shinkafa da tuwo, ana ta gardamar na wa ya fi daɗi. Baba ya kama hannun ango ya riƙe gam, idonsa ya kawo ruwa.

"Ita ce idona, Mudasiru. Na ba ka amana."

"Ba ka rasa ido ba, Baba, ƙari ka samu. Duk Juma'a muna Dukhan."

"To Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Masallaci ya ɗauka baki ɗaya: "Amin!"