Ranar da Na Ƙirga 'Ya'yan Kaza

Ruwan farko ya sauka mana a Diggi ranar wata Laraba, kuma tun kafin ƙasa ta tsane mutane suka cika zauren mahaifina, Malam Albarka. Shekara arba'in shi ke faɗa wa gari ranar shuka. Shi ba ya duban hadari, taurari yake duba. Muddin tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta na nan a yamma bayan magariba, to ruwan yaudara ne, ba a taɓa iri sai ta faɗi. An yi fari a shekarar da ta gabata, irin geron da ya rage a gidaje na shuka ɗaya ne tak. In ya ƙone, shi ke nan.

Sai dai idon Baba ya mutu tun da rani. Ni kuwa ɗansa Ashiru, kabu-kabu nake yi zuwa Kalgo. Iyakar sanina da sama shi ne in ta yi baƙi in nemi rumfa.

"Ka hau tudun bayan hwadama," in ji Baba. "Ka dubi yamma. In Kaza tana nan, a jira. Amma ba a nuna ɗiyanta da yatsa, ba a ƙirga su da baki. Ka jiya?"

Na ce na ji. A raina dariya nake yi.

Ina sallame magariba na fita. Na ajiye babur a gindin tudun, na hau da ƙafa. Ƙasa na ƙamshin ruwa, kwaɗi sun cika fadama da kuka. Ina kaiwa sama suka yi tsit gaba ɗaya.

Sai warin akurki, a tudun da babu gida ko ɗaya.

Wata tsohuwa na tsugune ta ba ni baya, kwando a gabanta, 'yan tsaki na kewaya ƙafafunta. Na yi sallama, ba ta amsa ba.

"Ɗana," ta ce ƙasa-ƙasa, "ido ya tahi. Ƙirga min ɗiyan ga, in san ko sun cika."

Wa zai ƙi tsohuwa a kan wannan? Na ce a raina gargaɗin Baba na sama ne, waɗannan kuwa a ƙasa suke. Na miƙa yatsa.

"Ɗaya." Ɗan tsakon ya shige kwando. "Biyu." Shi ma ya shige.

Sai a na huɗu na lura ba sa kuka, ba sa tono. A na biyar na lura babu wata, babu fitila, amma ga inuwar yatsana a ƙasa. Daga jikinsu hasken ke fitowa.

Na so in yi shiru. Bakina da kansa ya ce, "Shida."

"Saura ɗaya," ta raɗa. "Wadda ba kowa ka ganinta ba."

Ta fara juyo da kai. Jikinta bai motsa ba, wuyan kawai ke juyawa.

Na ga ido ɗaya a gefen kai. Zagayayye, ja, ba ya ƙiftawa.

Na dunƙule yatsan, na ciji harshena har na ji gishirin jini. Ayatul Kursiyyu ta ƙi zuwa, sai bisimilla, ita ma a zuci. Na gangara tudun ina faɗuwa ina tashi. A bayana ana bugun fukafukai kamar ana kakkaɓe tabarma.

Sai a wajen babur na tuna abin da aka aike ni. Na ɗaga kai yamma. Babu Kaza. Ban tsaya duba sauran saman ba.

"Ta hwaɗi, Baba," na ce da na isa gida.

Ya juyo da fuskarsa wajena. "Da wuri haka? Ka duba da kyau?"

"Na duba."

Tsoro da kunya suka hana ni ba shi labarin tsohuwar. Washegari gari ya fita shuka.

Kwana biyu da rufe iri, muna tsakar gida bayan magariba, matata Zulai ta ɗaga haɓa yamma. "Ashe Kaza na nan?" Na duba. Sama baƙi ƙirin daga gabas har yamma, babu tauraro ko ɗaya. Tun daren da na hau tudun nan ban sake ganin tauraro ba. Likitan ido a Birnin Kebbi ya ce idona lafiya lau.

Geron ya tsiro, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku, tsiron ya ƙone ƙurmus. Gidaje da yawa suka watse cin rani tun damina ba ta yi nisa ba. Mutane suka ce tsufa ya ruɗa Malam Albarka. Bai musa ba, kuma wannan shirun nasa ya fi komai cin raina.

Yanzu ya ce dole ya ba ni abin da ya sani kafin ya tafi, don babu wani mai karɓa. Kullum bayan magariba nakan shimfiɗa masa tabarma, ya ɗaga makahon idonsa sama yana kiran sunayen taurari ɗaya bayan ɗaya.

"Waccan mai haske ta yamma, ita ce Zara. Ka gan ta, Ashiru?"

"Na gan ta, Baba."