'Yar Mai Jita da Ɗan Mawaƙi

Allurar garmaho ce ta kai Lubuto kasuwar Chisokone, can lungun masu gyaran rediyo. Ta mahaifinta ta karye, shi kuwa tsoho Chisanga in bai ji kiɗan rok bayan tuwon nshima ba, babu mai sakewa a gidan.

Wani dogon saurayi ta tarar ya duƙa kan lasifika. Ya karɓi allurar, amma mai allurar ya fi kallo.

"Wane tsoho ne ke wahalar da ke haka a Kitwe?"

"Ka iya bakinka. Babana ne, mai jitar Mukuba Five."

Murmushinsa ya ɗan dushe, ita dai ba ta lura ba.

Kowa a garuruwan ma'adinai ya san ƙungiyar kiɗa ta Mukuba Five, samari biyar masu tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa. Maganganunsu sun shige bakin jama'a. Har yau in bas ta mace a hanya direba cewa yake "tsirkiya ta tsinke", mai kifi kuma in tayi bai yi mata ba sai ta ce "ƙara sauti". Uku sun rasu. Saura Chisanga da mawaƙinsu Musonda, su kuwa ba sa ga maciji tun ranar da Musonda ya tsallake su a Lusaka ya fitar da faifansu da sunansa shi kaɗai. Chisanga kuwa aikin ramin haƙar tagulla ya koma.

Katongo, haka sunan saurayin, ya karɓi lambarta wai don ya ji ko allurar ta zauna. Kafin ta kai gida saƙo ya shigo.

"An ce ma'anar sunanki haske. Tun da kika fita rumfata ta yi duhu."

"Ka biya kuɗin wuta, Mai Gyara," ta amsa.

Daga nan sai hira a bakin asibitin da take aikin jinya, sai gasasshiyar masara a hanya, sai "Haskena" safe da yamma. Da ya ga ta yi nisa, shi ma ya yi nisa, ya tsayar da ita wata ranar Lahadi bayan coci.

"Akwai abin da na ɓoye miki. Musonda mahaifina ne."

Ta ja da baya. A gidansu ko sunan ba a ambata.

"Sai yanzu kake faɗa min?"

"Tsoron rasa ki nake, Haskena."

Tana ta neman bakin da za ta gaya wa mahaifinta, Sikazwe ya riga ta. Mai shirya wasanni ne, mai ƙaton ciki da mota fara, wanda ya daɗe yana zarya gidan, rabi don tsofaffin kasa-kasan waƙoƙin ƙungiyar da Chisanga ya adana, rabi don Lubuto.

Ta dawo daga aiki ta tarar garmaho shiru. Mahaifinta na zaune ya sha mur.

"Maza sun ƙare a Kitwe ne, sai ɗan ɓarawon waƙa?"

"Baba, shi me ya yi maka?"

"Uban ya sace muryarmu, ɗan zai sace kasa-kasaina. Kina tsammani ke yake so? Sikazwe ya ji shi da kunnensa yana cigiyarsu."

"Baban Lubuto, ka bi a hankali," in ji mahaifiyarta daga bakin ƙofa.

"Ba da ke nake ba. In ya tako gidan nan, ba ni ba ita."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Katongo: "Da gaske ka yi cigiyar kasa-kasan Baba?"

"Na yi. Amma bari na yi miki bayani."

Ba ta bari ba. Ta kashe wayar ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ta daina bi ta kasuwa, ta rame, Sikazwe kuwa ya ƙara ƙaimi, har ya fara zancen turo wakilinsa da kwanukan neman aure, yadda al'adar garin ta tanada.

Ranar da ta kunna wayar, saƙo ɗaya kawai ta karanta.

"Haskena, an yi wa Babana aikin maƙogwaro, muryarsa ta tafi. Waƙoƙin da suka yi su biyar yake so ya sake ji, kuma babu su ko'ina sai gidanku. Ya hana ni faɗa wa kowa. Don ya samu ya ji su ne na tambayi Sikazwe. Ki tsane ni in kin so, amma kar ki ce ban so ki ba."

Ba ta gama share hawaye ba ta ji ana buga ƙyaure. Rana tsaka ce, Asabar. Katongo ne, riƙe da hannun wani ramammen tsoho mai ƙyalle ɗaure a wuya.

Chisanga ya miƙe tsaye, jijiyar goshinsa ta tashi.

"Musonda. Kai da kanka? Ba wakili, ba kunya? Fita."

Tsohon bai motsa ba. Lubuto ta shiga tsakaninsu.

"Baba, ka saurare shi."

"Na saurare shi shekara da shekaru a rediyo. To yi magana, mai babbar murya. Ƙara sauti."

Musonda ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito, kamar ana hura garwashi. Ya sake gwadawa, haka dai. Sai ya saki hannun ɗansa, ya durƙusa a kan siminti da ƙyar, ya tafa hannu a hankali irin gaisuwar ƙarami ga babba.

Chisanga ya tsaya ƙiƙam.

"Me ya same shi?"

"Likitoci sun cire maƙoshin, Baba," in ji Katongo, kansa a ƙasa. "Ya ce laifinsa ne, ba nawa ba. Ya ce ka hukunta shi, ka bar mu."

Can Chisanga ya sunkuya, ya kai kunnensa kusa da bakin mutumin. Ba wanda ya ji abin da aka raɗa masa. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Tashi, kana ɓata min siminti," ya ce. "Dubi yadda ka koma, kamar busasshen kifi. Maman Lubuto, ki tuƙa masa nshima mai laushi." Ya juya ga Katongo. "Kai kuma, ba haka ake neman aure ba. Je ka turo wakili kamar ɗan mutane."

Sikazwe da ya zo da yamma, daga bakin ƙofa aka sallame shi.

Bayan damina aka ɗaura aure a cocin unguwarsu. Tsofaffin ma'aikatan rami suka cika wurin biki, suka yi rawa har gwiwoyi suka kasa. Chisanga ya kaɗa jita, Musonda na gefensa yana motsa leɓe, jama'a suka ɗauke masa waƙar baki ɗaya.

"Har yanzu kina fushi da ni?" Katongo ya raɗa mata.

"Ina yi. Sai ka shekara hamsin kana ba ni haƙuri."

"Na yarda."

Da za a tafi da amarya, tsofaffin biyu suka ɗora hannu a kansu. Chisanga ya ce, "Ni zan faɗa, amma da bakin mu biyu. In kun ɓata da safe, kar rana ta faɗi ba ku shirya ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka."

Musonda ya ɗaga kai ya ce amin. Ba sauti, amma kowa ya gani.